Zuciya na Shekara Ashirin, Agara na Shekara Arba'in

Watannin baya aka shigo mana da wani bawan Allah sashen gashin ƙashi, abokansa biyu na riƙe da shi, takalmin wasa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ma'aikacin gwamnati ne, shekararsa 38, kuma a zamanin yana makaranta an san shi a ƙwallon kwando. Ranar Asabar ce suka taru da tsofaffin abokai suka ce bari a taɓa. Ya zabura zai wuce wani yaro, sai ya ji ɗas a bayan dunduniya, ya faɗi.

"Likita, wallahi na ɗauka wani ne ya haure ni ta baya," in ji shi. "Na waiga da niyyar faɗa, sai na ga ba kowa."

Duk wanda ya daɗe a aikinmu, da ya ji wannan magana ya san inda aka nufa. Na kwantar da shi rub da ciki, na matsa tsokar sha-raɓarsa. Lafiyayyen mutum in ka yi masa haka tafin ƙafarsa zai motsa da kansa. Nasa ko gezau. Agara, wato jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, ta tsinke. Da na ɗora shi kan sikeli daga baya na tambaye shi nauyinsa na lokacin makaranta, sai ya yi dariya ya shafa teɓa. Tazarar ta kai kilo goma sha biyar.

Abin da ya same shi ba rashin iya wasa ba ne. A watan Afrilun 2013 haka agarar Kobe Bryant ta tsinke yana da shekara 34, bayan shekaru 17 yana tsalle a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, inda kowace ƙungiya ke buga wasa 82 a kaka. Ya dawo fili, amma bai sake zama Kobe ɗin da aka sani ba har ya ajiye wasa a 2016. Wannan fa mutum ne mai likitoci da masu dafa masa abinci da masu yi masa tausa. To ina ga namu da ke buga wasa kan daɓen siminti, da takalmin gwanjo na Kasuwar Barci wanda ƙasansa ya riga ya cinye?

Tsufan ɗan wasa ba daga furfura yake farawa ba. Tsokar jiki iri biyu ce: akwai mai juriya, akwai mai zabura, wadda da ita ake tsalle da fizga. Bayan shekara 30 tsoka na fara raguwa a hankali, kuma mai zaburar ce ke fara tafiya. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara 40 yana iya zagaye Dandalin Murtala da sassarfa bai gaji ba, amma ƙarfen kwandon nan mai tsayin mita 3.05, wanda a da yake kamawa da hannu biyu, yanzu ko ragarsa da ƙyar yake taɓowa. Ido bai manta ba, ƙwaƙwalwa ma tana ba da umarnin da ta saba bayarwa tun yana saurayi. Jikin ne ya canja ba tare da ya yi sallama ba.

Sai kuma cin da shekaru ke yi wa gaɓoɓi. A ƙarshen ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Jijiyar jini ba ta ratsa shi, don haka in ya zaizaye ba ya tofowa kamar fata. Agara ma jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, tana daɗewa ba ta warke ba, kuma da shekaru tana rasa danƙonta, kamar robar daurin kaya da ta sha rana. Kowane targaɗen da aka ɗaure da tsumma aka koma fili washegari, yana nan a rubuce.

Nauyi shi ne wanda na fi so mu tsaya a kai, don shi ne ke hannunmu. A tafiya kawai, kowane kilo ɗaya da ka ƙara yana ɗora wa gwiwa kusan kilo huɗu a duk taku. Mutumina mai kilo goma sha biyar, lissafa ka gani: kamar buhun siminti ne da ɗoriya a kan gwiwa, taku bayan taku, tun kafin a zo ga dirowa daga tsalle. Shaquille O'Neal, tsohon ɗan wasan NBA, a ƙuruciyarsa gudu yake kamar ba ƙato ba, amma da jiki ya ƙaru ya haura kilo 145, babban yatsan ƙafarsa ya kai shi ɗakin tiyata a 2002. Yao Ming na ƙasar Sin, mai tsayin mita 2.29, ƙasusuwan ƙafa ne suka yi ta tsagewa har ya haƙura a 2011 yana da shekara 30 kacal. Mu nan ba tsayi ne ke kawo mana nauyin ba. Aure ne, da kujerar ofis, da mota, da tuwon dare a kwanta, da lemon kwalba bayan tsire.

Ba cewa nake a daina wasa ba, zaman ma ya fi illa. Ku duba Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci wa ƙungiyar Houston Rockets kofin NBA a 1994 da 1995, duka biyun yana da shekara sama da 30, kuma yakan buga wasa da azumi a baki. Ba da tsalle kaɗai ya dogara ba. Wasan ƙafa ne da yaudara, ya karkata nan ya ɓulle can. Michael Jordan ma da shekaru suka ja ya rage hawa sama, ya koma jefa ƙwallo yana ja da baya. Wanda ya haura 35 ya koyi wannan: miƙa ƙwallo, jifa daga nesa, a bar wa yara kokawar ƙarƙashin kwando.

Kafin ka shiga fili ka ba jiki minti goma na sassarfa da ɗan tsalle-tsalle har gumi ya tsatso, musamman da sanyin hunturu. Kar wasan Asabar ya zama shi ne kaɗai motsinka na mako. Sau biyu ko uku a mako ka tsaya bakin matakala ka riƙa ɗagawa kan yatsu kana saukowa a hankali, ka yi zauna-tashi a kujera ba tare da dafawa ba. Tsokar cinya in ta yi ƙarfi ita ke karɓar dukan da gwiwa za ta sha.

Akwai ɗabi'ar da nake gani tana ba ni tsoro: a biya kemis a haɗiyi diclofenac kafin wasa don kar a ji ciwo. Ciwon ai ɗan aike ne, ka kore shi ka ci gaba da ɓarna, ga gyambon ciki da lahanin ƙoda ga mai yawan sha. Haka ciprofloxacin, wanda mutanenmu ke saye da kansu da sunan taifot, yana cikin magungunan da ke raunana agara har ta tsinke. In likita ya ɗora ka a kansa, ka huta da wasa, in kuma ka ji dunduniya na ciwo ka koma masa.

Gwiwar da ta kumbura bayan wasa, ko take maƙalewa, ko take sulluɓe maka, ta asibiti ce. Wanda ya ji ɗas ɗin nan ya kasa tsayawa kan yatsu, kar a yaudare shi da cewa ai yana ɗingisawa. Mai tsinkakkiyar agara na iya takawa. Kar a kai shi a ja ƙafar, ba ƙashi ne ya goce ba. A kai shi asibiti a kwana ɗaya ko biyu, domin in aka yi makonni bakin agarar biyu na janyewa nesa da juna, aikin ya ƙara wuya.

Mutumina an yi masa aiki, ya sha makonni da sanda. Yanzu ya sauke kilo shida, yana iya ɗagawa kan yatsun ƙafar sau takwas. Duk zuwa sai ya tambaye ni yaushe zai koma fili, ni kuma in ce sai ya kai ashirin da ƙafa ɗaya.