Wane ne injiniyan manhaja?

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo ko ka leƙa Facebook ba ka ji an kira wani "injiniyan manhaja" ba. Mai gyaran waya ma an laƙaba masa. Wannan bai cika damuna ba. Masu ba ni haushi su ne masu sharhin da ke cewa sai wanda ya yi digiri a kimiyyar kwamfuta ne ya cancanci sunan, sauran kuwa 'yan karere ne.

Sunan na aiki ne: tsara manhaja, rubuta ta, gwada ta, da ci gaba da gyara ta bayan jama'a sun fara amfani da ita. Ya bazu ne daga taron da ƙungiyar NATO ta shirya a Garmisch ta ƙasar Jamus a 1968, lokacin da manyan ayyukan manhaja ke wuce wa'adi, su lashe kuɗi, su fito cike da kurakurai. Da gangan aka ɗauko kalmar injiniya don tsokana, ko sana'ar ta koyi tsari irin na masu gina gada. Wato fata aka yi, kuma a ganina har yau ba a gama cika shi ba.

To su wa suka kafa sana'ar? Ɗauki Edsger Dijkstra ɗan ƙasar Holan. Kimiyyar fiziks ya karanta a Leiden. Da ya tashi aure a 1957, ya rubuta a takarda cewa sana'arsa rubuta wa kwamfuta umarni, sai hukumomin Amsterdam suka ƙi karɓa, wai babu wannan sana'a a duniya. Dole ya koma ya rubuta masanin fiziks. Mutumin nan shi ya fito da dabarar gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu, wadda ake koya wa ɗaliban kimiyyar kwamfuta har gobe, ya kuma karɓi lambar Turing, babbar lambar yabo ta fannin kwamfuta, a 1972. Da masu sharhin namu ne a bakin ƙofa, da sun kore shi. Margaret Hamilton da ta jagoranci manhajar kumbon Apollo mai zuwa duniyar wata lissafi ta karanta, Tony Hoare kuwa, wani jigon fannin, Latin da Girkanci da falsafa. Ai sashen kimiyyar kwamfuta na farko a Amurka ma sai a 1962 aka buɗe shi, a jami'ar Purdue.

Yau ma haka abin yake: akwai masu digirin, akwai waɗanda suka baro lantarki ko akanta ko koyarwa, akwai 'yan kwas na 'yan watanni, akwai wanda ya koya wa kansa. Ban raina digirin ba, domin rashin tushe yakan tona asirin mutum ranar da manhaja ta girma ta fara tafiyar hawainiya. Inda takarda ke da hurumi na gaske shi ne irin Kanada, da doka ta killace kalmar injiniya ga masu lasisi. A can, mai rubuta manhaja komai ƙwarewarsa, in ba shi da lasisi ya kira kansa injiniya, hukumar injiniyoyin lardinsa na iya tuhumarsa.