Me ake nufi da "tsara unguwa tare da mazaunanta"?

Duk lokacin da aka taso da zancen gyaran tsofaffin gidajen gwamnati, za ka ji masana tsara birane suna cewa a yi aikin "tare da mazauna". Abin da suke nufi shi ne, kafin a zana taswira ko a ba da kwangila, mutanen da ke kwana a unguwar su ne za su faɗi abin da ya lalace, su jera wanda za a fara da shi, su kuma san nawa aka ware. Taron da ake kira bayan ɗan kwangila ya riga ya sauke yashi, sanarwa ce kawai.

A Sakkwato maganar ta fi shafar unguwanni irin su lokos na Arkilla, Gwiwa da Runjin Sambo. Tsarin gidaje masu rahusa ya yi tashe a mulkin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, lokacin da aka ƙudurci gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, burin da bai cika ba. Irin waɗannan gidaje zane ɗaya ake yi musu, ba zaure, ba a kuma yi lissafin iyali za su ƙaru ba. Shi ya sa kowa ya ja katanga, ya ƙara ɗaki, wani ma ya fitar da shago har bisa lambatu.

A nan gizo ke saƙar. Idan aka sayar wa mutum gida, cikinsa nasa ne, zai yi fenti ya sauya kwano. To, magudanar ruwa da ke tsakanin gidaje fa? Taransifoma, rijiyar burtsatse, filin da aka bari don yara ya koma juji? Waɗannan ba su da uba. Injiniyan da ya zo duba unguwa a watan Afrilu, rana na ƙuna ƙasa ta bushe, ba zai san lungun da ruwa ke kwana a Agusta ba. Matar da ke kwashe ruwa daga tsakar gida da roba ta sani, kuma sau da yawa ba za ta zo taron ƙofar mai unguwa ba. Dole a yi wa mata nasu zaman daban, a ji 'yan haya su ma, ba masu takardar mallakar gida kaɗai ba.

Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su gani su kawo ƙorafi, kuma jihar Sakkwato tana da hukumar tsara birane. Abin da ya fi wuya shi ne yarjejeniyar bayan gyara: wa zai yashe lambatu kafin damina, nawa kowane gida zai riƙa bayarwa, wa zai riƙe asusun, kuma wanda ya gina shago a kan hanyar ruwa, rushewa za a yi ko a karkata magudanar.