Ma'anar rinjayen doka: dalilin da dokar jiha a Amurka ke kare wani ma'aikaci ta tsallake wani

A 2019 majalisar dokokin jihar Colorado ta zartar da doka cewa mai ciwon suga da ke da inshorar lafiya ba zai biya fiye da dala 100 ba a kan insulin na kwana 30. Ita ce jiha ta farko da ta yi haka, dokar kuma ta fara aiki a Janairun 2020. To a ɗauki mutum biyu a layin kantin magani ɗaya a Denver, babban birnin jihar, dukkansu ma'aikata, katin kowanne ɗauke da tambarin kamfanin inshora ɗaya. Na farko ya biya dala 100 ya wuce. Na biyu aka lissafa masa kuɗin da ya haura haka nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya karya doka. Abin da ya raba su shi ne abin da lauyoyin can ke kira preemption, wanda a nan za a kira rinjayen doka.

Ma'anarsa a taƙaice: idan hukumomi biyu, ta sama da ta ƙasa, suka yi doka a kan abu ɗaya, ta sama tana iya danne ta ƙasa har ta zama kamar ba a rubuta ta ba. A Amurka hawa uku ne. Dokar tarayya tana rinjayar ta jiha, ta jiha kuma tana rinjayar ta birni ko gunduma. Tushen hawan farko yana Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin ƙasar, inda aka ce kundin da dokokin tarayya su ne dokar ƙoli, kuma alƙalan kowace jiha dole su bi. Hawa na biyu tushensa daban ne: birni ba shi da iko sai wanda jiha ta ara masa, ra'ayin da ake jingina wa alƙali John Dillon na jihar Iowa tun 1868. Jihohi da yawa sun sassauta wannan, sun ba birane 'yancin gudanar da harkokinsu, amma abin da aka ara ana iya karɓewa. Gaba dai da gabanta.

Kotuna sun raba rinjayen gida uku. Akwai na bayyane, inda dokar sama ta rubuta ƙarara cewa ta soke duk wata dokar ƙasa a kan batun. Akwai na mamaye fage, inda ba a rubuta ba amma tsarin ya game ko'ina har alƙali ya ga ba a bar wa kowa wurin sa ƙafa ba. Sai na karo, wato ba zai yiwu a bi dokokin biyu a lokaci guda ba, ko ta ƙasa tana tare wa ta sama hanyar cika manufarta. Wannan rabon na aji ne. Abin da ya fi shafar ma'aikaci tambaya ce guda: dokar saman daɓe ce ko rufi?

Daɓe yana hana a yi ƙasa, amma bai hana a yi gini a kansa ba. Mafi ƙarancin albashi na tarayya misali ne. Dokar ƙa'idojin ƙwadago ta 1938 ta ce a fili jiha ko birni na iya sa adadin da ya fi nata. Adadin tarayya ya tsaya a dala 7.25 a awa tun Yulin 2009, kuma jihohi kusan 30 sun haura shi, Kalifoniya ta kai dala 16 a 2024. Ta ɗaya ɓangaren, Jojiya da Wyoming suna da dala 5.15 a littafinsu, Alabama, Louisiana, Mississippi, South Carolina da Tennessee kuwa ba su da dokar mafi ƙarancin albashi kwata-kwata. A duk waɗannan, ma'aikacin da dokar tarayya ta shafa dala 7.25 zai karɓa. Haka dokar sirrin bayanan mara lafiya, HIPAA, take: dokar jihar da ta fi ta tsauri tana nan daram.

Rufi kuwa yana hana a yi sama. Babban rufin harkar lafiya shi ne ERISA, dokar tarayya ta 1974 da aka yi da farko don kare fanshon ma'aikata masu zaman kansu. Sashe na 514 nata ya soke duk dokar jiha da ke da "alaƙa" da tsarin alawus ɗin da kamfani ke yi wa ma'aikatansa, har da na lafiya. Sai wani sakin ya ceto dokokin jiha masu kula da sana'ar inshora. Sai na uku ya dawo ya ce jiha ba ta da ikon ɗaukar tsarin kamfani a matsayin kamfanin inshora don ta sa masa ƙa'ida. Waɗannan saki uku su suka raba mutum biyun nan na kantin magani.

Ga yadda abin yake. Kamfanin da mutum na farko ke wa aiki ya sayi inshora ne: yana biyan kuɗi duk wata, kamfanin inshora ya ɗauki nauyin duk abin da ya taso. Wannan takardar inshora haja ce da jiha ke da ikon tsara ta, don haka dokar insulin ta kama ta. Kamfanin mutum na biyu bai sayi inshora ba, daga asusunsa yake biyan kuɗin asibitin ma'aikata, sai ya ɗauki kamfanin inshora haya don ya riƙe masa lissafi, ya buga kati, ya ba da jerin asibitoci. Shi ya sa tambarin katin ya zama ɗaya. Irin wannan tsarin hannun jiha ba ya kai masa. Kuma ba tsiraru ba ne: sama da kashi 60 cikin 100 na ma'aikatan da ke samun inshora ta wurin aiki a irinsa suke, yawanci a manyan kamfanoni. Saboda haka duk sanda aka ji labarin jiha ta wajabta wa inshora biyan kuɗin maganin rashin haihuwa, ko na'urar ji, ko wani gwajin cutar kansa, a sani cewa mafi yawan masu inshorar wurin aiki ba su ciki, sai idan kamfaninsu ya ga dama ya bi.

Kalmar "alaƙa" ta wahalar da kotuna shekara da shekaru, domin komai yana da alaƙa da komai idan aka ja zaren. A 2006 jihar Maryland ta ce duk kamfanin da ke da ma'aikata 10,000 ko fiye a jihar ya kashe aƙalla kashi 8 cikin 100 na jimillar albashi a kan lafiyarsu, ko ya biya jiha cikon. A aikace Walmart, kamfanin manyan kantunan sayar da kaya, shi kaɗai dokar ta kama. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da soke ta a Janairun 2007, bisa hujjar cewa babu kamfani mai hankali da zai zuba wa jiha kuɗi ba tare da ma'aikatansa sun ga komai ba, don haka dokar tilasta masa sauya tsarinsa ce aka lulluɓe. Birnin San Francisco ya yi makamanciyar doka, ita kuma ta tsira a wata kotun ɗaukaka ƙara a 2008. Bambancin shi ne a can kuɗin da kamfani ya biya birni yana komawa ne ga kula da lafiyar ma'aikatan nasa, don haka zaɓin na gaske ne. Kotun Ƙoli ma ta taka ɓangarorin biyu. A 2016 ta hana Vermont tilasta wa tsare-tsaren masu biya daga asusunsu miƙa bayanan kuɗin jinya ga rumbun jiha. A Disambar 2020 kuma ta bar Arkansas ta sa wa dillalan da ke tsakanin inshora da kantunan magani ƙa'idar kada su biya kanti ƙasa da abin da ya sayo maganin, tana cewa dokar da ta taɓa farashi kawai ba ta shiga cikin tsarin ba.

Hawayi ce kaɗai ta samu ƙofa. Dokarta ta 1974 ta wajabta wa kamfani yi wa duk mai aikin awa 20 a mako inshora, kotu ta soke ta, sai majalisar tarayya ta ba ta keɓewa ta musamman a 1983. Amma da sharaɗi: dokar ta tsaya yadda take a 1974, duk wani babban gyara zai faɗa ƙarƙashin ERISA.

Wani lokaci sai tarayya da kanta ta toshe ramin. Jihohi da dama sun hana asibiti aiko wa mara lafiya takardar kuɗin ba-zata daga likitan da ba ya cikin jerin inshorarsa, amma dokokinsu ba su kai ga masu biya daga asusu ba, ba su kuma taɓa jiragen ɗaukar marasa lafiya ba, domin dokar sufurin jiragen sama ta 1978 ta hana jiha sa baki a farashin jirgi. Sai da wata sabuwar dokar tarayya ta fara aiki a Janairun 2022 aka rufe ɓangarorin biyu.

Tsaron lafiya a wurin aiki yana tsakiya, ba daɓe zalla ba, ba rufi zalla ba. A ƙarƙashin dokar 1970 da ta kafa OSHA, hukumar tarayya mai kula da tsaron lafiyar ma'aikata, idan tarayya ta riga ta sa ƙa'ida a kan wani haɗari, jiha ba ta iya ƙara tata sai ta gabatar da cikakken tsarinta an amince da shi, kuma dole ya kai na tarayya inganci. Jihohi da yankuna 22 ne ke da irin wannan tsari da ya shafi kamfanoni masu zaman kansu. Inda tarayya ba ta da ƙa'ida, fage a buɗe yake, shi ya sa Kalifoniya, Oregon da jihar Washington suka yi nasu dokokin zafin rana, masu wajabta ruwan sha da inuwa da hutu.

Rikicin da ya fi zafi a shekarun nan dai tsakanin jiha da birni yake. A 2015 majalisar birnin Birmingham na jihar Alabama ta amince da ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 10.10 a awa. A Fabrairun 2016 majalisar jihar Alabama ta yi sauri ta hana kowane birni sa nasa adadi. Ma'aikata da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka kai ƙara, suna cewa majalisar da fararen fata suka fi yawa ta danne birnin da mafi yawan mazaunansa baƙaƙe ne. A Disambar 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta kori ƙarar ba tare da ta taɓa zargin wariyar ba, ta ce ba wanda ya dace suka kai ƙara ba. A St. Louis abin ya fi ciwo, domin an riga an fara biya: dala 10 daga Mayun 2017, sai dokar jihar Misuri ta mayar da shi dala 7.70 a ƙarshen Agusta. Ga mai aikin awa 40, dala 92 ke nan a mako da doka ta halatta a zaftare, ko da yake wasu masu kamfani ba su rage ba. Teksas ta faɗaɗa abin a 2023 da dokar da ta ƙwace fagage sukutum, har da na ƙwadago, daga hannun birane, lamarin da ya jefa dokokin Austin da Dallas cikin haɗari, waɗanda suka ba magina hutun minti 10 a kowace awa 4 don shan ruwa. Fulorida ta bi sahu a 2024, ta hana gundumomi yin dokar zafin rana a daidai lokacin da gundumar Miami-Dade ke duba tata.

Masu goyon baya suna da hujja da ba za a raina ba: kamfanin da ke da rassa a birane 30 ba zai so ƙa'ida 30 ba. Amma a duba me aka ajiye a gurbin abin da aka soke. A 2018 New Jersey ta soke dokokin hutun jinya na biranenta, ta maye su da doka ɗaya ta jiha baki ɗaya: awa 1 ta hutu da albashi a kan kowace awa 30 ta aiki, har zuwa awa 40 a shekara. Wannan daidaitawa ce. Wisconsin kuwa a 2011 ta soke dokar hutun jinya da masu zaɓe a birnin Milwaukee suka amince da ita a 2008, ba ta ajiye komai a madadinta ba. Suna ɗaya ne a littafin lauya, amma ba abu ɗaya ba ne. Ana kuma iya janyewa: Colorado ta ɗage dokarta da ta hana birane sa nasu mafi ƙarancin albashi a 2019, Denver ta fara nata albashin a 2020.

Mai rubuta ƙudiri a majalisar jiha yana da dabarun kauce wa tarko. Yana ɗora wajibcin a kan kamfanin inshora, asibiti ko kantin magani, ba a kan tsarin alawus ba. Hutun jinya ana rubuta shi a matsayin albashi da ake biya daga asusun kamfani na yau da kullum, domin irin wannan biyan ba ya cikin abin da ERISA ta mamaye. Ana sa sakin da ke cewa idan kotu ta soke wani sashe, sauran su ci gaba da aiki. Idan ana son birane su iya ƙarawa, sai an rubuta hakan ɓaro-ɓaro, domin shiru a nan shi ne ke haifar da shari'a.

Shi kuma ma'aikacin da aka hana wani abu da ya ji dokar jiha ta ba shi, kada ya dogara da katin. Ya nemi taƙaitaccen bayanin tsarin lafiyar daga ofishin ma'aikata, dole ne a ba shi, ko ya tambaya kai tsaye: inshora aka saya, ko kamfani ke biya daga asusunsa? Idan saye aka yi, ƙorafi yana zuwa hukumar inshora ta jiha, kuma a lura da jihar da aka fitar da takardar, domin sau da yawa dokarta ce ke aiki, ba ta inda ma'aikacin yake zaune ba. Idan daga asusu ne, sai ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, bayan an ɗaukaka ƙara a cikin tsarin kansa, wanda ake da aƙalla kwana 180 a yi daga ranar da aka samu takardar ƙi. Ma'aikatan gwamnati da na coci lissafinsu daban ne, ERISA ba ta shafe su ba. Wanda ya kai har kotu a ƙarƙashin ERISA kuma, abin da zai iya samu shi ne kuɗin jinyar da aka hana shi, wani lokaci da kuɗin lauya. Diyyar cutarwar da jinkirin ya jawo ba ta ciki, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2004.