Ciwon Dajin Yara Marar Yawa da Sarrafa Ƙwayoyin Gado

Binciken ciwon dajin yara fanni ne na ilimin likitanci da ke neman gano abin da ke juyar da ƙwayar halittar jariri ko ƙaramin yaro ta zama ƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji duk shekara, amma adadin ya rarrabu ne a kan nau'o'i masu yawa, kowanne da 'yan tsirarun marasa lafiya.

Ciwon dajin babba yakan biyo bayan ɓarnar da ta daɗe tana taruwa a DNA, zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta, saboda taba, hasken rana ko tsufa. Yaro ɗan shekara biyu bai rayu tsawon da zai tara irin wannan ɓarna ba. Wani babban nazari da aka buga a 2018 ya nuna cewa sauye-sauyen DNA a ƙarin yara sun gaza na manya nesa ba kusa ba. Sau da yawa kuskure ɗaya ko biyu ne ke faɗa wa ƙwayar da ba ta gama nuna ba, ta kasa zama jijiya ko ƙashi ko tsoka, ta yi ta rabuwa ba tsayawa.

Tushen fannin shi ne retinoblastoma, dajin ido da iyaye kan fara gani a matsayin farin haske a ƙwayar idon yaro, musamman a hoton da aka ɗauka da filasha. A 1971 Alfred Knudson ya kawo hujjar cewa sai kwafi biyu na wata ƙwayar gado sun lalace cutar ke tashi, kuma yaron da ya gaji ɗaya a lalace yakan kamu da wuri, galibi a ido biyu. A 1986 aka gano ƙwayar, RB1, a kuromosom na 13, ɗaya daga cikin ƙunsoshin DNA da ke cikin ƙwayar halitta.

Inda binciken ya fi ba da mamaki shi ne wajen buɗewa da rufe ƙwayoyin gado. DNA a naɗe yake a jikin furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari, kuma ƙwayar halitta ba ta karanta sai wurin da aka sassauta. A 1998 masu bincike a Cibiyar Curie da ke Paris suka gano cewa ƙarin rabdoyid, mai kama jarirai a ƙoda da ƙwaƙwalwa, ya rasa SMARCB1, wani sashe na furotin da ke sassauta wannan naɗi. Ban da shi kusan babu wani lahani a DNA ɗin, amma cutar na cikin mafiya muni. A 2012 kuma ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Asibitin St. Jude na Amurka, ɗaya ƙarƙashin Nada Jabado a Jami'ar McGill ta Kanada, suka gano sauyi a jikin histon ɗin kansa, mai suna H3K27M. Yana cikin kusan kashi 80 cikin 100 na DIPG, ƙarin tushen ƙwaƙwalwa da ba ya tiyatuwa, kuma yana hana sa alamar da ke rufe ƙwayoyin gadon da ya kamata su yi shiru. Yawancin waɗannan yara ba sa cika shekara bayan gano cutar, ko da an yi musu gashin radiyeshan.

A dajin ƙashi na Ewing, kuromosom na 11 da na 22 ne ke musayar sassa, su haifar da furotin EWS-FLI1 mai kunna ƙwayoyin gado a inda bai dace ba.

Juya wannan ilimi ya zama magani yana da wuya, domin irin waɗannan furotin ba su da sauƙin kamawa ga magani, kuma sai asibitocin ƙasashe da dama sun haɗa hannu kafin a sami yaran da za su isa gwaji ɗaya. Duk da haka an ci nasara a wani wuri: maganin larotrectinib, da Amurka ta amince da shi a 2018, yana shanye ƙarin jariran da ke ɗauke da haɗakar ƙwayar gadon NTRK da wata ƙwayar gado daban, har wasu suka tsira daga yanke hannu ko ƙafa.