Hadayar Kafara: Mene Ne Ita, Kuma Daga Ina Ta Fito?

Idan aka ce kaffara a ƙasar Hausa, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne azumin sittin ko ciyar da miskinai. A addinin Bani Isra'ila na da kuwa, da jini ake yinta. Hadayar kafara ita ce a miƙa ran dabba domin a kankare laifin da mutum ya yi wa Ubangiji. Tushen kalmar ɗaya ne a Larabci da Ibrananci, shi ya sa ranar da Yahudawa ke kira Yom Kippur ta zama Ranar Kafara a bakin Kiristoci Hausawa.

Babi na 16 na Littafin Firistoci, a cikin Attaura, ya zayyana yadda ake yi. Ranar goma ga wata na bakwai, wato Ranar Kafara, babban firist zai fara miƙa bijimi saboda laifinsa da na gidansa, don shi ma ba a bar shi a baya ba. Sai a kawo bunsuru biyu a jefa musu ƙuri'a. Wanda ya faɗa wa Ubangiji a yanka shi, firist ya shiga da jinin can cikin Wuri Mafi Tsarki, wato ƙuryar ɗakin ibada, inda ba ya shiga sai sau ɗaya a shekara, ya yayyafa da yatsa sau bakwai gaban murfin akwatin alkawari, inda aka ajiye allunan dokokin da aka ba Annabi Musa. Na biyun kuma ya ɗora masa hannuwa biyu a ka, ya furta laifuffukan jama'a duka, a kora shi jeji.

Abin lura a nan, bunsurun da ya ɗauki zunubin ba shi ake yankawa a bagade, wato wurin miƙa hadaya, ba. Jinin na farko wanke wuri yake yi, na biyu kuma ɗan dako ne. Mutane da yawa sukan haɗe ayyukan nan biyu su mai da su ɗaya.

Dabarar ɗora wa wani masifa ba a kan Bani Isra'ila ta fara ba. Hittiyawa, a inda yake Turkiyya yau, in annoba ta faɗa wa rundunarsu sukan kora raguna zuwa ƙasar abokan gaba don su tafi da cutar. Assuriyawa, a inda yake arewacin Iraƙi yau, sun fi tsanantawa. A ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin Sarki Esarhaddon, idan husufi ya nuna sarki na cikin haɗari, sai a ɗora wani a kan karaga na ɗan lokaci, sarkin gaskiya ya ɓuya ana ce masa "manomi". In wa'adi ya cika a kashe na bogin, mugun abu ya bi shi.

A shekara ta 70 miladiyya Rumawa suka rushe Haikalin Urushalima, babban ɗakin ibadar Yahudawa inda ake miƙa hadayu, yanka ya tsaya tunda babu bagade. Malaman Yahudawa suka ce tuba da addu'a da sadaka sun maye gurbinsa, kuma a kan haka ake har yau, da azumin kusan awa 25 a ranar Yom Kippur. Akwai dai waɗanda har yanzu ke kewaya kansu da kaza kafin ranar, a yanka a ba talakawa, wasu kuma da kuɗi suke yi.

Kiristoci sun bi wata hanya. A wajensu mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye ita ce hadaya ta ƙarshe, sau ɗaya tak, ba a sakewa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, a cikin Sabon Alkawari, ta kira shi babban firist wanda ya shiga da jinin kansa. Sai dai yadda fansar ke aiki ya jawo muhawara mai tsawo. Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, wajen shekarar 1098, ya ce bashin girman Allah aka biya. Jon Kalbin, malamin Furotesta, a ƙarni na 16 ya ce hukuncin mai zunubi ne Almasihu ya ɗauka.

Musulunci sam bai yarda da wannan ba. Alƙur'ani ya ce babu rai da zai ɗauki nauyin wani, kuma a Suratul Hajji, aya ta 37, an faɗa ƙarara cewa naman hadaya da jininta ba su isa ga Allah, taƙawa ce ke isa. Saboda haka kuskure ne a ɗauka ragon layya yana ɗauke wa mai shi zunubi. Koyi ne da Annabi Ibrahim, wanda aka fanshi ɗansa da babban abin yanka alhali yaron bai yi laifin komai ba. Inda yanka ke shiga gyaran kuskure shi ne aikin hajji. Alhajin da ya aske kansa cikin harami saboda ciwo zai yi fidiya, ko ya yanka akuya ko tunkiya, ko ya yi azumin kwana uku, ko ya ciyar da miskinai shida, kuma zaɓin nasa ne.