Akzolotul: ɗan ruwan da ya ƙi girma, da yadda ake ƙaura da shi

Kwanan baya ɗan yayata da ke karatu a Faransa ya turo hoto a zauren iyali na WhatsApp. Yana tashi ne daga ɗakin da yake haya zai koma wani gari. Mun zaci akwatuna za mu gani, sai ga roba mai murfi a cikin kula, an kewaye ta da gorunan ƙanƙara, a ciki kuma wata halitta fara mai ɗan ja-ja, ga ƙafafu huɗu, ga wutsiya, ga wata geza a kowane gefe na kai, baki kamar tana murmushi. Hajiya ta karɓi wayar ta ƙura ido, ta ce, "Wannan kifi ne, ko tsaka ce ta faɗa ruwa?" Jikoki suka haɗa baki: "Kaka, akzolotul ne! Yana cikin Minecraft!"

Ashe yaran Sabon Gari sun riga mu sanin kalmar. Tun da aka saka dabbar a wannan wasan na kwamfuta a 2021 sunanta ya bazu a bakin yara, bidiyoyin TikTok kuma suka ƙara mata farin jini. A wannan shekarar ce ma Meziko ta buga hotonta a takardar kuɗinta ta feso 50.

Kalmar daga harshen Nawatul ta fito, harshen Aztek na ƙasar Meziko. "Atl" shi ne ruwa, "Xolotl" kuma sunan wani abin bautarsu ne mai kan kare, don haka wasu ke fassara sunan da "karen ruwa", wasu "dodon ruwa". A tatsuniyarsu, wannan Sholotul ya gudu ne don kada a yi hadaya da shi, ya rikiɗa ya zama masara, ya sake rikiɗa ya zama wani tsiro, daga ƙarshe ya faɗa ruwa ya zama wannan halitta. Masu harshen "asholotl" suke cewa, mutanen Meziko na yau na cewa "aholote", mu kuma da muka tsince ta a bakin Turawa sai ta zama akzolotul.

Amsar tambayar Hajiya kuwa: ba kifi ba ne, ba kuma dangin tsaka da ƙadangare ba ne. Dangin kwaɗo ne, daga reshen masu wutsiya da ake kira salamanda. Duk wanda ya yi wasa a bakin tapkunan Damagaram da damina ya san talibambam: yana fara rayuwa a ruwa, sannan ƙafafu su fito, wutsiya ta shanye, ya fito tudu ya zama kwaɗo. To akzolotul talibambam ne da ya ƙi ƙarasa tafiyar. Ƙafafu sun fito, ya balaga, yana haihuwa, tsawonsa kan kai santimita 20 zuwa 30, yana iya yin shekara 10 zuwa 15, amma har ya mutu da kayan yarinta yake yawo. Gezar nan guda uku-uku a gefen kansa ba ado ba ce, da ita yake numfashi, irin abin da kifi ke ɓoyewa ƙarƙashin kumatu, shi nasa a waje yake a buɗe. Yana shaƙa ta fata kuma, yana da ɗan huhu da yakan tashi ya haɗiyi iska da shi jefi-jefi. Dalilin rashin rikiɗar yana tattare da ƙullin nan na wuya wanda idan ya kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo: sinadarin da ya kamata ya fito daga nan ya umurci jiki ya sauya ba ya isa. Idan aka ba shi sinadarin yana iya rikiɗa, gezar ta shanye ya hau tudu, sai dai galibi ba ya daɗewa bayan haka.

Abin da ya ba shi suna wajen masana shi ne tsirar da gaɓa. A cire masa ƙafa, cikin makonni wata ta fito da ƙashinta da jijiyoyinta, babu ko tabo. Yana gyara lakar gadon baya, da wani sashe na zuciya, har da na ƙwaƙwalwa. Tun 1864 aka kai guda 34 birnin Paris, wani masani Auguste Duméril ya kiwata su, kuma da yawa daga waɗanda ke ɗakunan bincike da gidajen mutane a yau daga tsatson nan suka fito. A gidansa na asali kuwa, wato magudanan tafkin Sochimilko a kudancin birnin Meziko, ya kusa ƙarewa. Ƙidayar da masu bincike suka yi ta samu kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita a 1998, zuwa 2014 saura 36. Birni ya cinye tafkin, ƙazanta ta shiga ruwa, sannan aka zuba baƙin kifaye masu cin ƙwansa da ƴaƴansa. Ɗaya daga cikinsu karfasa ce, tamu ta Afirka, wadda muke soyawa da yaji.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci abin da ya sa yaron nan ya yi wa roba ɗaya hidimar da ba mu yi wa garken awaki. Mu idan za mu tashi daga Birni zuwa Garin Malam, kaji a akurki, akuya da igiya a bayan amalanke, tantabaru ma wani lokaci su suke komawa tsohon gida sai an bi su. Akzolotul ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikin wannan.

Babban abokin gabansa zafi ne. Birnin Meziko yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,200, ruwan tafkinsa mai sanyi ne. Dabbar ta fi jin daɗi tsakanin digiri 16 zuwa 18, idan ruwa ya haura 24 ya kuma daɗe a haka, sai ta daina cin abinci, cuta ta kama fata, mutuwa ta biyo baya. Ruwa mai ɗumi kuma iskar da ke narke a cikinsa kaɗan ce, ga shi jikin dabbar a lokacin ne ya fi bukatarta. Ɗan ruwan roba a cikin mota kuwa ba ya ɗaukar lokaci yake ɗumama. Amfanin kula ke nan. Sai dai ba a jefa ƙanƙara cikin ruwan da yake ciki, ba a kuma manna gorar da jikin robar. Naɗe ta ake yi da tawul a ajiye gefe, domin sanyin da ya faɗo farat ɗaya shi ma bugu ne. Ma'aunin zafi na cikin kular, ana leƙawa a hanya, kular kuma tana ƙasan kujera inda rana ba ta bugu, ba a but ba.

Shiri yakan fara tun kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, da hana shi abinci. Yara suka ce mugunta ce. Ba mugunta ba ce: babba yana yin kwanaki bai ci ba lafiya lau, amma idan ya yi kashi ko ya amayar da tanar da ya ci a cikin ɗan ruwan da ba a tacewa, amoniya ce, wato gubar da ke fitowa daga ƙazantar, za ta taru, ita kuwa gezar take fara ƙonawa. Wajen kama shi ba a sa raga, don geza da yatsu na sarƙewa a ciki, ba a kuma damƙa da hannu, don fatar na da wani yauƙi da ke kare ta, ƙashin kuma yawancinsa guringuntsi ne. Roba ake nutsawa a lallaɓa shi ya shiga da kansa. Kowane da robarsa, saboda a matsatsi suna cizon juna, ƙafa ko geza ta tafi. Za ta sake tsirowa, gaskiya ne, amma wa ke son haka? Ruwan da ya saba da shi ake zubawa, a cika robar sosai a bar ɗan fili a sama, domin robar da ke rabi ita ce ke kaɗawa ta yi ta buga shi da bango a kowane rami. A rufe a bar shi cikin duhu, idonsa ba shi da fatar rufewa, haske na takura masa.

Akwatin gilashin da yake zaune a ciki a gida kuwa a kwashe ruwansa tas kafin a ɗaga. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, akwati mai lita 100 ko bai fashe a hanya ba, haɗin gilashin zai saki daga baya.

Akwai wani fasinja na biyu da ido ba ya gani, kuma a wajensa ne sababbin masu kiwo suka fi yin asara. Cikin soson na'urar tace ruwa akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ne ke juya amoniya zuwa wani sinadari, daga nan zuwa wani marar ƙarfin guba. Makonni ake yi kafin su kafu. Idan soson ya bushe a hanya, ko aka ce bari a wanke shi fes da ruwan pampo mai kulorin saboda sabon gida, sun mutu ke nan, akwatin ya koma kamar yau aka saye shi. Don haka soson ma a jiƙe yake tafiya, cikin tsohon ruwa. In an isa, ba a juye dabbar nan take. A haɗa akwati, a kashe kulorin ɗin sabon ruwa, a jira zafin ruwan biyu ya daidaita. Idan akwatin bai shirya ba, yana iya zama a robarsa kwanaki, muddin ana sauya masa ruwa mai sanyi kullum. Alamar wahala a bayyane take: geza ta lanƙwaso gaba, bakin wutsiya ya naɗe.

Da jikokin Hajiya suka taso ni da "Kawu, ka sayo mana", ban ɓoye musu ba. Garin da a watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40, ruwan pampo ya fito kamar an ɗora a murhu, in ma ya zo, ga kuran da kan ɗauke ana tsakiyar rana, ba wurin wannan dabba ba ne. Da hunturu, lokacin da dare kan sauko wajen digiri 15, za ta ji kamar gida, amma hunturu wata nawa ne? Ruwan randa ma da muke yabo, ba zan jingina ran dabba da shi ba a bazara. Tafiya da ita daga nan Damagaram zuwa Yamai, kusan kilomita 900, sai dai mota mai sanyi da ƙanƙarar da za a riƙa sauyawa a hanya. Na ce musu in abin mamaki suke nema, ga gaiwa: ita ma tana da huhu, ƴaƴanta na fitowa da geza a waje kamar akzolotul, kuma in tapki ya ƙafe sai ta shige laka ta kwanta har ruwa ya dawo. Suka ce ai gaiwa ba ta murmushi.

Washegari da yamma wani hoton ya shigo. An haɗa akwati a sabon ɗaki, dabbar na kwance a ƙasa, geza a baje, tana haɗiyar tana. Hajiya ta sa aka danna mata wayar ta yi saƙon murya: "To madalla, barka da sauka. Kai kuma ka ci abinci, ko duk hidimar ta ƙare a kan tsakar taka?"