Idan Aka Sayi Kamfanin Manhaja, Ina Makomar Hannun Jarinsa da Kwangilolin Zaɓi?

Me ya sa farashin hannun jari ke tashi ranar sanarwa, sannan ya tsaya cak?

Mai sayen kamfanin yakan ɗora wani abu a kan farashin kasuwa domin ya shawo kan masu hannun jari su sallama. A watan Yunin 2016 Microsoft ya sanar da cewa zai sayi LinkedIn a kan dala 196 kowane hannun jari, kuɗi hannu. Daga wannan rana adadin ya zama iyaka, domin ko wace irin riba kamfanin ya ci daga baya, mai hannun jari ba zai karɓi fiye da haka ba, sai dai idan wani ya shigo da tayin da ya fi.

To me ya hana farashin kaiwa daidai adadin da aka yi ciniki a kai?

Shakkun da ake da shi kan ko cinikin zai tabbata. A watan Janairun 2022 Microsoft ya amince zai biya dala 95 kan kowane hannun jarin Activision Blizzard, wanda kafin sanarwar yake kusan dala 65, amma hukumomin kula da gasar kasuwanci na Amurka da Birtaniya suka ja da maganar, har ba a kammala ba sai Oktoban 2023. Wanda ya saya a kan dala 80 a tsakanin nan yana sa ran ribar dala 15 ne, kuma da cinikin ya rushe, asararsa za ta iya kai wannan adadin ko ta zarce. A ganina nan ne mutane suka fi ruɗuwa, domin suna zaton jari suke zubawa a manhajar kamfanin, alhali kuɗinsu ya rataya ne a kan hukuncin hukumomi. Rushewar kuwa takan faru: Adobe ya janye daga sayen Figma a Disamban 2023, ya kuma biya diyyar dala biliyan 1.

Yaya kwangilolin zaɓi suke kasancewa?

Kwangilar zaɓi dama ce ta saye ko sayar da hannun jari a kan ƙayyadadden farashi kafin wani wa'adi, kuma a kasuwar Amurka kowace ɗaya takan ƙunshi hannun jari 100. Darajarta kashi biyu ce: tazarar da ke tsakanin ƙayyadadden farashin da na kasuwa, da kuma fatan farashi zai motsa kafin wa'adi ya cika. Cinikin tsabar kuɗi yana kashe wannan fata kusan gaba ɗaya. A ce an sayi kamfani a kan dala 50 kowane hannun jari. Mai zaɓin saye a kan dala 40 zai samu dala 10 kan kowane hannun jari, wato dala 1,000 a kwangila guda. Wanda nasa ke kan dala 55 kuwa zai tashi a tutar babu, ko da saura shekara guda wa'adinsa ya cika, domin da zarar an kammala cinikin akan dawo da wa'adin kusa.

Idan da hannun jarin mai saye aka biya fa?

Sai a gyara kwangilar ta koma kan abin da aka bai wa masu hannun jari. Lokacin da Salesforce ya sayi Slack a 2021, kowane hannun jari ya koma dala 26.79 haɗe da 0.0776 na hannun jarin Salesforce. Irin waɗannan kwangiloli da aka gyara ba su cika samun masu ciniki ba, don haka rabuwa da su a farashi mai kyau yakan yi wuya.

Shi kamfanin da ya yi sayayyar fa?

Nasa farashin yakan faɗi a farko idan kasuwa ta ga ya saya da tsada, kamar yadda ya faru da Adobe ranar da ya sanar da tayin sayen Figma a kan dala biliyan 20 a Satumban 2022. Mai son zuba kuɗi a nan sai ya duba ko bashi aka ci ko sababbin hannayen jari aka fitar, domin fitar da sababbi yana rage kason tsofaffin masu jari.